Layi, Sabis da Dijital: Kalmomin Wayar Tarho da Ma'anarsu

Kowace sana'a da harshenta. Maƙeri yana da zuga-zugi da uwar maƙera, masaƙi yana da ƙoshiya da allera, wanda kuwa bai san waɗannan sunaye ba, in ya zauna cikinsu sai ya zama baƙo ko da a garinsu yake. Aikin wayar tarho ma haka ne. Abin da ya bambanta shi kawai, yau kusan kowa yana yawo da kayan wannan sana'a a aljihu, yana furta kalmominta safe da maraice ba tare da ya san inda suka fito ba. Mukan ce layina, mukan ce babu sabis, mukan ce layin yana bizi. Mai shago ya ce mana wannan 4G ce, waccan 5G, mu ƙara kuɗi mu karɓa. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu, balle a abin da yanzu kuɗin makaranta da albashi suke bi ta cikinsa. Saboda haka za mu bi kira guda ɗaya tun daga bakin mai magana har kunnen mai sauraro, muna tsayawa a kan kalmomin da muka tarar a hanya.

Mu fara da layi. Yau in mutum ya ce ya sayi layi, ɗan kati yake nufi wanda bai fi farce girma ba. Amma asalin layi waya ce ta gaske. Bayan da Alexander Graham Bell ya karɓi takardar mallakar ƙirƙirar tarho a Amurka a watan Maris na 1876, wayar ƙarfe guda ɗaya ake ja, lantarki kuma ya dawo ta cikin ƙasa. Hayaniya ta yi yawa a irin wannan layi, sai aka koma wa wayoyi biyu na jan ƙarfe da aka murɗe su tare kamar igiya. Murɗewar tana da dalili: duk hayaniyar lantarki da ta faɗo daga waje tana taɓa wayoyin biyu daidai wa daida, sai ta kashe kanta. Wuta tana fita ta ɗaya ta komo ta ɗaya, shi ya sa injiniyoyi suke kiran wannan yanki madaukin gida.

To, ina layin yake zuwa? Ga ɗan aiki ga masu son lissafi. A ce gari yana da tarho 100, ana so kowane ya iya magana da kowane. In za a ja waya kai tsaye tsakanin kowane biyu, sai an ja layi 4,950. Dabarar ita ce a kai dukan layukan wuri ɗaya, layi 100 ke nan kacal, a zaunar da wani ya riƙa haɗa mai kira da wanda ake nema. Wannan wuri shi ne eksicenji, wato ofishin haɗa layuka, mai aikin kuma afareta. Na farko da aka buɗe don kasuwanci yana garin New Haven ne a Amurka, a watan Janairu na 1878, da masu tarho 21. Afareta tana zaune gaban allo mai ramuka, kowane rami layin wani gida ne, ta ɗauki igiya mai fulogi a kowane gefe, ta soka nan ta soka can. Fulogin yana da tsini a kai da zobe a bayan tsinin, kowannensu yana taɓa ɗaya daga cikin wayoyin nan biyu. Har yau masu gyaran layi suna kiran wayoyin tif da rin, wato tsini da zobe, ko da yake yawancinsu ba su taɓa ganin allon afareta ba. Babban fulogin nan da mawaƙa suke soka wa jita da amfilifaya a majami'a ma jikansa ne.

Eksicenji ne kuma yake ciyar da tarhon gida da wuta. Akwai ɗaki cike da manyan batura masu ba da bolt 48, wutar tana bin layin har cikin gida, shi ya sa tsohon tarho yakan yi aiki ko an ɗauke wutar gari. Da an ɗaga kan tarho, sai madaukin ya rufe, wuta ta gudana, eksicenji ya gane akwai mai son magana, ya aiko da wani dogon sauti mai cewa na shirya, buga lambarka. Wannan shi ne dayal ton. Akwai wani sauti kuma da ya haddasa saɓani tsakanin 'yan'uwa da yawa. Sa'ad da ka kira ka ji tana shiga, ba ƙarar wayar wancan mutum kake ji ba. Na'urar kamfani ce take yi maka sautin don kada ka ajiye, ƙararrawar wancan gefe kuma da wani umarni dabam ake kaɗa ta. Yawanci sukan zo tare, amma ba dole ba ne, musamman inda sabis yake da rauni. In wani ya ce wayarsa ba ta yi ƙara ba, kada a yi saurin ƙaryata shi.

Wanda ya fara tayar da afareta daga kujerarta mai sana'ar shirya jana'iza ne a birnin Kansas, sunansa Almon Strowger. Ana ba da labari cewa ya zargi afaretar garin da karkatar da masu nemansa zuwa ga abokin gasarsa. Ya ƙera na'urar da za ta haɗa layi ba hannun mutum, aka kafa eksicenji na farko mai aiki da ita a garin La Porte na jihar Indiyana a 1892. Daga baya aka samu tarho mai faifan da ake juyawa da yatsa. In ka juya 3 ka saki, faifan yana komawa yana katse wutar layin sau 3, in 7 ne sau 7, sifiri kuwa sau 10, na'urar eksicenji tana ƙirgawa tana takawa mataki-mataki. A 1963 kamfanin Bell ya fito da tarho mai maɓallai, kowane maɓalli yana fitar da sauti biyu a haɗe. Lamba 5, alal misali, haz 770 ce da haz 1,336. Haz shi ne yawan karkarwa cikin sakan ɗaya, ƙanen megahaz ɗin nan da muke ji a bakin masu shelar rediyo. Sunan wannan tsari DTMF, shi ne kuma yake aiki duk sa'ad da wata murya ta ce maka danna 1 don kaza, danna 2 don kaza.

Manyan layukan da suke haɗa eksicenji da eksicenji su ne tiranki, kalmar da take nufin gangar itace wadda rassa suke fitowa daga jikinta. Dattawa za su tuna lokacin da ake zuwa gidan waya a nemi kiran tiranki a zauna jira. Lambar tarho kanta adireshi ce, ana karanta ta daga hagu: ƙasa, yanki, sa'an nan gida. Nijeriya 234, Nijar 227, Gana 233, Kamaru 237, Cadi 235, Sudan 249. Sifirin da muke farawa da shi ba cikin lambar yake ba, umarni ne ga na'ura cewa kiran na cikin ƙasa ne. Shi ya sa ake yar da shi in an sa +234. A zamanin NITEL Legas 01 ce, Kaduna 062, Kano 064, Jos 073, sai a farkon 2024 hukumar NCC ta ƙara wa lambobin tarhon girke alƙaluma biyu, Legas ta zama 0201. A wayar hannu kuwa, da can 0803 ko 0805 yana gaya maka kamfanin mutum, amma tun 2013 aka ba kowa damar ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani.

Bizi iri biyu ne, mutane kuma sukan haɗa su. Akwai wanda mutumin da kake nema yana magana da wani. Akwai kuma wanda shi yana zaune da wayarsa a hannu, hanyar zuwa wurinsa ce ta cika. Ba kamfanin da yake shimfiɗa tiranki daidai da yawan masu tarho, gama ba dukansu suke magana lokaci ɗaya ba. To, nawa zai shimfiɗa? Wanda ya warware wannan tambaya malamin makaranta ne kafin ya shiga aikin tarho, abin da ya kamata ya faranta ran malaman lissafinmu. Sunansa Agner Krarup Erlang, mutumin Danmak. Ya kama aiki da kamfanin tarho na Kofanhegan a 1908, ya buga ƙa'idarsa mafi shahara a 1917, da sunansa kuma ake auna cunkoso: layi ɗaya da aka riƙe awa guda cur shi ne erlang 1. A ce wani ofis yana yin kira 60 cikin awa, kowane na minti 3. Minti 180 ke nan, wato erlang 3. Mai gaggawa zai ce layi 3 sun isa. Amma kira ba ya zuwa bi da bi kamar 'yan makaranta a fareti. Wani lokaci biyar su zo tare, wani lokaci shiru. Lissafin Erlang ya nuna da layi 3, kusan kira 35 cikin 100 za su tarar da hanya a toshe. Sai an kai layi 8 kafin abin ya sauko ƙasa da 1 cikin 100. Duk ɗalibin da ya taɓa jiran famfo da asuba, alhali da rana tsaka ba kowa a wurin, ya riga ya fahimci rabin wannan ilmi. Abin da yake faruwa ke nan daren sabuwar shekara da ranakun Kirsimeti da Salla.

Yanzu mun iso kalmomi biyu da suka fi muhimmanci, analog da dijital. A kasuwa dijital ta zama kirari, ana liƙa ta a kan kowane kaya don a ce sabo ne, analog kuma ta zama zagi ga wanda bai waye ba. Ma'anarsu ta gaskiya ba ruwanta da wayewa.

Murya karkarwar iska ce. Makirfon tarho yana mai da ita karkarwar lantarki mai kama da ita sak: murya ta hau, wuta ta hau, murya ta sauka, wuta ta sauka. Wannan kamanni shi ne analog, wato kwatankwaci. Kunnen yaro yana jin sauti daga haz 20 har wajen 20,000, amma tarho daga 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka, domin wannan ya isa a gane magana a kuma gane mai ita. Wannan tazara ita ce bandiwid, faɗin hanya. Cikin abin da aka yanke daga sama har da sautin da yake bambanta "s" da "f", shi ya sa in ana faɗin suna ta waya sai an yi ta maimaitawa, shi ya sa kuma waƙa ba ta daɗi ta tarho. Ciwon analog shi ne doguwar tafiya. Wutar tana raunana a hanya, hayaniya tana shiga, sai a sa na'urar ƙara ƙarfi. Ita kuwa ba ta bambanta murya da hayaniya, duka take ƙarawa. Bayan na'ura goma, kamar kaset ne da aka kwafa daga kwafi, aka sake kwafa daga wannan.

Dijital ta fito daga kalmar Latin mai nufin yatsa, abin ƙirga na farko da ɗan'adam ya samu. Maimakon a aika siffar muryar, sai a auna ta a aika lambobi. Na'ura tana duba tsayin wutar sau 8,000 cikin sakan ɗaya, kowane dubawa kuma sunansa samfur. Me ya sa 8,000? Harry Nyquist da Claude Shannon, na ɗakin binciken Bell, sun nuna cewa in yawan samfur ya wuce ninki biyu na sauti mafi tsini da ke cikin saƙo, ana iya sake gina saƙon ba abin da ya ɓace. Aka ɗauki haz 4,000 a matsayin iyaka, aka ninka. Kowane samfur ana rubuta shi da bit 8. Bit shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake iya faɗa: 0 ko 1, a kashe ko a kunne. Bit ɗaya zaɓi 2 ne, bit biyu 4, bit uku 8, har bit 8 su ba da matakai 256. Ku ninka 8,000 da 8, za ku samu bit 64,000 a sakan. Ku riƙe wannan lamba, gama ita ce tubalin da aka gina tarhon dijital na girke da shi. Sunan dabarar PCM. Wani Baturen Ingila, Alec Reeves, ya tsara ta a Faris a 1937, amma kayan lantarkin zamaninsa manya ne masu tsada, sai bayan da aka samu tiransista a 1947 hanya ta buɗe mata.

Mece ce ribar? Na'urar da ke tsakiyar hanya tambaya ɗaya take yi: 0 ne ko 1? Ko bugun ya iso a gajiye, duk datti, muddin ana iya gane shi, sai ta yar da shi ta aika sabo fil. Kamar malami ne da yake kwafe makin jarrabawa daga takardar da ruwa ya taɓa. In dai ya iya karanta 65, zai rubuta 65 tsaf a sabuwar takarda, tabon ruwan ba zai bi shi ba. Amma fa in tabon ya rufe lambar, ba abin da zai rubuta. Shi ya sa layin analog in ya lalace sai ya yi ta shuuu kana jin mutum can ƙasa-ƙasa, na dijital kuwa ko ya fito garau ko ya riƙa yankewa, kalma ta zo kalma ta ɓace.

Riba ta biyu ta kuɗi ce. Tsakanin samfur da samfur akwai kashi 1 cikin 8,000 na sakan. A wurinmu ba kome ba ne, a wurin na'ura kuwa fili ne babba, sai ta cusa samfuran waɗansu mutane a ciki. Kowane kira yana da gurbinsa, ana zagayawa kamar mai rabon abinci da yake bin kwanuka a jere, ya sa wa kowa cokali ɗaya, ya dawo farko. A Amurka an fara da T1 a 1962, mai ɗaukar kira 24. Turai ta tsara E1, shi kuma aka bi a Nijeriya: gurbi 32, kowane bit 64,000, jimla 2,048,000. Gurbi 30 na magana ne, ɗaya yana nuna inda zagaye ya fara, ɗaya na siginalin.

Siginalin shi ne maganar da na'urori suke yi tsakaninsu game da kiran: wa ke kira, wa ake nema, an ɗauka, an ajiye, a fara caji. Da can ta cikin hanyar murya ake aika shi. A Amurka sautin haz 2,600 yana gaya wa tiranki cewa ba kowa a kansa. Waɗansu matasa suka gano haka, har aka tarar usur ɗin wasa da ake sakawa kyauta cikin kwalin wani abincin yara yana fitar da sautin daidai, suka riƙa kiran nesa ba biya. Maganin da aka yi shi ne a raba siginalin da murya, a ba shi hanyarsa dabam, tsarin da ake kira SS7. Sai dai an gina shi a zamanin da kamfanonin tarho kaɗan ne kuma sun yarda da juna, na'ura tana gaskata duk abin da 'yar'uwarta ta faɗa mata. Yau ƙofofin shiga sun yi yawa. A 2017 a Jamus ɓarayi sun bi ta SS7 sun karkatar da saƙonnin lambobin sirri da banki yake aika wa mutane, sun kwashe kuɗi. Lambar da take fitowa a fuskar wayarka ma ta siginalin take zuwa, ana kuma iya ƙirƙira ta. Ganin lambar banki ko ta wani da ka sani ba hujja ba ce. In mai kira ya nemi lambar sirri, ka kashe, ka nemi bankin da kanka.

An daɗe tiranki da eksicenji suna dijital alhali guntun layin da ya shiga gida yana nan analog. ISDN, wanda aka tsara a shekarun 1980, shi ne ƙoƙarin kai dijital har ɗaki a kan tsofaffin wayoyin jan ƙarfe. Na gida yana da hanya biyu masu bit 64,000, ana ce musu B, da ƙarama ɗaya mai 16,000 ta siginalin, ana ce mata D. Shi ne 2B+D da ake gani a littattafai. Ya karɓu a Jamus da Jafan. Wanda ba shi da shi sai ya sa modem, na'urar da take mai da lambobin kwamfuta sauti su bi layin analog. Mafi saurinta ta tsaya a bit 56,000, domin ba yadda za a fitar da fiye da 64,000 daga gurbi ɗaya.

Yawancinmu ba mu bi ta waɗannan matakai ba. NITEL, da aka kafa a 1985, layukanta wajen 400,000 ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100 sa'ad da GSM ta iso a watan Agusta na 2001. Don haka layin dijital na farko da talaka ya riƙe na iska ne. Kalmar salula daga sel ta fito, wato ɗan ɗaki irin na saƙar zuma. An yanka ƙasa gida-gida, kowane da ƙarfen sabis nasa, domin mitar da aka yi aiki da ita a nan a sake aiki da ita can gaba ba tare da sun yi karo ba. In kana magana cikin mota, wani ƙarfe yana miƙa ka ga na gaba, shi ne handoba. In na gaban ya cika ko babu shi, kiran ya yanke. Sandunan da ke saman fuskar waya ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa nuna ko akwai gurbi. In sabis cike amma kira ya ƙi shiga, Erlang ne yake magana. Iska kuma ba ta da yalwar waya, don haka aka sa kodek, dabarar matse murya, ta mai da 64,000 ɗin nan 13,000.

Layinka ba a cikin wayar yake ba. Wayar tana da tata lamba mai alƙaluma 15, IMEI, za ku gan ta in kun danna *#06#, yana da kyau kuma a rubuta ta a ajiye saboda ranar sata. SIM kuwa yana ɗauke da mabuɗin sirri da yake shaida wa kamfani cewa kai ne. Lambar da mutane suke kiranka da ita tana cikin rajistar kamfani, ana iya ɗaura ta a kan sabon SIM. Wannan ne yake cetonmu in waya ta ɓace, shi ne kuma ƙofar da mazambata suke nema. In sabis ɗinka ya ɗauke gaba ɗaya alhali na maƙwabcinka mai kamfani ɗaya da kai yana nan, kada ka jira gobe, ka nemi kamfanin da bankinka a ranar.

Harafin G tsara yake nufi. Ta farko analog ce, GSM ita ce 2G, 3G ta buɗe wa intanet ƙofa, 5G ta fara aiki a Nijeriya a 2022. Babban canjin a 4G ya faru. Duk abin da muka bayyana, tun daga igiyar afareta har gurbin E1, hanya ce ake keɓe maka kai kaɗai har ka gama, ko kana magana ko ka yi shiru. Wannan shi ne sakit. 4G ba ta da sakit. Tana yanka murya gunduwa-gunduwa, kowace da adireshi a goshinta, ana ce mata fakiti, su bi hanya ɗaya da hotuna da saƙonnin kowa kamar wasiƙu cikin buhun gidan waya. Kiran WhatsApp haka yake, sunan fasahar VoIP; in kamfanin waya ne da kansa ya yi shi a kan 4G, sai a ce VoLTE. Muryar takan fi fita, domin an faɗaɗa bandiwid zuwa wajen haz 7,000. Amma in hanya ta cika, waɗansu fakiti sukan makara, waɗansu su ɓace, murya ta koma kamar ta mutum-mutumi.

Jinkiri tsohon sani ne ga waɗanda suka yi kiran ƙasashen waje ta tashoshin tauraron ɗan'adam na Lanlate da Kujama. Tauraron yana kilomita 35,786 a sama, sigina yana gudun kilomita 300,000 a sakan, hawa da sauka kusan rubu'in sakan, kafin amsa ta dawo rabin sakan, sai mutum biyu su yi ta karo da baki. Yau yawancin kiran ƙetare ta ƙarƙashin teku yake bi, cikin faiba, zaren gilashi mai kaurin gashi da yake ɗaukar 0 da 1 da walƙiyar haske. Kebul ɗin tarho na farko da ya ratsa tekun Atlantika a 1956 kira 36 yake ɗauka, na faiba na farko a 1988 kuwa 40,000. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, intanet da harkar banki suka sami tsaiko a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Kiran wayar hannu kilomita kaɗan yake yi a iska, sauran tafiyar yawanci cikin waya ce, shi ya sa katafila mai aikin hanya take iya kashe sabis na gari guda.

Ƙasashen da suka daɗe da jan ƙarfe suna naɗe tsohon tsarin. A Ingila kamfanin BT ya sanya ƙarshen Janairu 2027 don rufe shi. Abin da ya fi damun mutane a can shi ne wuta. Sabon tarhon gida daga soket ɗin bango yake ci, in wuta ta ɗauke ya mutu, tsohuwa mai zama ita kaɗai kuwa ba za ta iya kiran asibiti ba sai an ba ta batirin ajiya. A nan wannan nauyi yana kan ƙarfen sabis. A gindinsa akwai janareta ko faifan sola, da akwatin batura, in injiniya ya buɗe akwatin kuma, baturan bolt 48 zai tarar, irin na tsohon eksicenji.